Yadda wani ajin SS2 a Agege ya koyi tsara tambayar bincike kan dabbobin da ke neman ƙarewa

Makarantar da aikin da aka sa a gaba

Makarantar sakandare ce mai zaman kanta a yankin Agege na Jihar Legas, irin waɗanda ke haɗa boko da islamiyya. Galibin ɗalibanta 'ya'yan Hausawan unguwar ne, iyayensu mahauta, dillalan shanu, 'yan tireda, direbobi da 'yan canji. Yaran suna Hausa a gida, Yarbanci da buroka a titi, Turanci a aji. Ajin da abin ya shafa shi ne SS2 na kimiyya, mai ɗalibai 38, maza 21 da mata 17.

Manhajar ilimin halittu tana da babi kan kiyaye albarkatun ƙasa, ana kuma tambayarsa a jarrabawar WAEC. Bisa al'ada, haddar ma'anoni ake yi a wuce. A wannan shekarar malamar darasin ta nemi izinin shugaban makaranta ta mayar da babin aikin bincike na shekara guda: ɗalibai su tsara tambayarsu da kansu kan wata dabba da ke neman ƙarewa, su tattara bayani, su gabatar a zango na uku.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai darasi biyu a haɗe ranar Alhamis, minti 80. Akwai kwamfuta ɗaya a ofis. An hana shiga makaranta da waya, sai dai yaro ya ari ta iyayensa a gida. Babu tabarau mai hangen nesa, babu littafin tantance tsuntsaye.

Satumba: aikin gida na farko

A mako na biyu na zangon farko aka bai wa kowane ɗalibi aikin gida: ya zaɓi dabba ɗaya da ke neman ƙarewa, ya rubuta tambaya ɗaya da yake son bincikawa. An ba su mako guda.

Tambayoyi 38 suka dawo. Goma sha bakwai sun tsaya ne kan dabbobin da babu su a Najeriya, kamar fanda ta ƙasar Sin da damisar Indiya mai zane, domin su ne ke fara fitowa idan aka bincika a intanet da Turanci. Da aka kasa tambayoyin bisa siffarsu, sai suka faɗa gida huɗu. Ashirin da ɗaya irin waɗanda ake samun amsarsu cikin minti ɗaya ne a waya: me fanda ke ci, shekara nawa giwa ke yi. Tara sun fi ƙarfin aji, har ma sun fi ƙarfin jami'a guda: me ya sa dabbobi ke ƙarewa a duniya, yaya za a ceci zakunan Afirka. Biyar wa'azi ne aka liƙa masa alamar tambaya, misali "Ashe bai kamata mutane su daina kashe dabbobi ba?" Uku ne kawai ke da wani abu da za a iya kamawa, dukkansu kuma daga abin da ɗalibin ya gani ko ya ji a gida suka fito. Ɗaya daga ciki ita ce ta wani ɗan mahauci: "Babana ya ce a da akwai ungulu a mayanka, ina suka tafi?"

A lokacin ba a lura da abin da ya haɗa waɗannan ukun ba. An rubuta gyara da jan biro a kowace takarda, mafi yawa "ka taƙaita" ko "ki fayyace", aka mayar musu. Takardun da suka sake dawowa ba su canza ba sai a tsawon jimla.

Oktoba: kalmomin tambaya

Gwaji na biyu shi ne dabarar da ake yawan koyarwa: a rubuta wa, me, ina, yaushe, yaya da don me a allo, kowane ɗalibi ya ƙirƙiro tambaya da kowace kalma. Cikin darasi ɗaya aka tara tambayoyi fiye da 200, ajin ya yi armashi, kowa yana ɗaga hannu.

Da aka tace su washegari, sai ga shi yawa aka samu, siffar ba ta sauya ba. "Ina" ta haifar da "ina gorila ke zaune", "yaushe" ta haifar da "yaushe giwa ke haihuwa". Kalmar "don me" ce ta fi ba da wahala, domin ɗalibai sun ɗauke ta ita ce tambayar masana, alhali gano dalili shi ne mataki mafi wuya a bincike, ba a kuma kai wa gare shi sai an fara sanin nawa, a ina, tun yaushe. Wanda ya tambayi don me ungulu suka ragu a Legas ya riga ya ɗauka an tabbatar sun ragu, an san yawansu a da, an san na yanzu.

Wata matsalar ta ɓullo a nan. Ɗalibin da ke bin ungulu ya dawo da amsa daga intanet cewa maganin dabbobi mai suna diclofenac ne ya kashe su. Maganar gaskiya ce, amma ta Indiya da maƙwabtanta: a can ne ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari daga shekarun 1990, har aka hana bai wa dabbobi maganin a 2006. A Afirka ta Yamma abubuwan da aka fi dangantawa da raguwarsu su ne guba, kamu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsubbu, sare dogayen itatuwan da suke sheƙa, da raguwar abin da ake zubarwa a fili a mayanka. Ɗalibin ya ɗauko amsar wata nahiya ya ɗora wa unguwarsu, ya kuma ɗauka aiki ya ƙare.

Nuwamba: ziyarar Lekki da abin da ya faru a kasuwa

Aka yi tunanin ko rashin ganin dabbobi ido da ido ne matsalar. Iyaye suka haɗa kuɗin mota, aka kai ajin Cibiyar Kiyaye Halittu ta Lekki, wadda gidauniyar kiyaye halittu ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78. Daga Agege zuwa can cunkoson hanya ya cinye safiya. Ɗalibai sun ga birai, sun hau gadar sama mai tsawon mita 401, sun saurari jagora. Amma makaranta ba ta ba su takardar lura ba, ba a ce su ƙirga komai ba, ba a shirya abin da za su tambayi jagoran ba. Rahotannin da suka rubuta labarin tafiya ne. Ko da wani ya samo tambaya mai kyau a can, ba shi da halin komawa sau shida ko bakwai don tattara bayani.

Mako biyu bayan haka, wasu maza huɗu suka tafi da kansu ranar Asabar wata kasuwa inda ake sayar da kayan maganin gargajiya, ba tare da sanin makaranta ba. Sun ji labarin ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke naɗewa idan ta ji tsoro, sun kuma karanta cewa an hana cinikinsa. Suka tsaya gaban wata rumfa suka tambayi mai ita ko ya san abin da yake sayarwa ya saɓa doka, ɗayansu kuma ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Aka ɗauke su 'yan leƙen asirin hukuma, aka taru a kansu, aka ƙwace wayar. Sai da wani dattijo Bahaushe mai rumfa a kusa ya sa baki aka sallame su.

Shugaban makaranta ya dakatar da aikin har ƙarshen zango. Kafin a ci gaba aka rubuta ƙa'idoji, iyaye suka sa hannu. Ba a fita sai da malami ko babba daga gida. Ba a ɗaukar hoton mutum ko hajarsa. Ba a rubuta sunan wanda aka zanta da shi, lamba ake ba shi. Ba a tambayar kowa abin da zai zama shaida a kansa. Ba a taɓa naman daji ko dabba mai rai, saboda cizo da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Ba a kuma sayen dabba da sunan ceto, domin kuɗin da aka biya shi ke sa a je a kamo wata.

Janairu: sake shiri daga tushe

Zango na biyu ya fara da darasi biyu waɗanda ba a nemi tambaya ko ɗaya a cikinsu ba.

Na farko kan yadda masana ke yanke cewa dabba tana cikin haɗari. Aka buga shafuka daga Jan Kundi, wato jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, wanda aka fara a 1964, aka nuna matakai ukun da ake kira na barazana: mai rauni, mai cikin haɗari, da mai cikin matsanancin haɗari. Abin da aka tsaya a kai shi ne ma'aunin da ke ƙarƙashin sunayen. Ɗaya daga ciki yana duban yadda yawan dabba ya ragu cikin shekara goma ko tsatso uku, wato daga kakanni zuwa jikoki, duk wanda ya fi tsawo: idan abin da ke rage ta bai tsaya ba, raguwar kashi 30 cikin ɗari tana sa ta a matakin rauni, kashi 50 a haɗari, kashi 80 a matsanancin haɗari. Wani ma'aunin yana duban balagaggun da suka rage: ƙasa da 250 haɗari ne, ƙasa da 50 matsananci. Daga nan ɗalibai suka ga cewa duk maganar "tana ƙarewa" a bakin masani tana ɗauke da dabba takamaimai, wuri, tsawon lokaci da adadi.

Aka kuma taƙaita zaɓi zuwa dabbobin da ke da alaƙa da Legas ko da gidajen ɗaliban, aka rubuta sunan kimiyya na kowace, domin suna ɗaya a Hausa yakan rufe jinsi da yawa. Ungulun mayanka ita ce *Necrosyrtes monachus*, tana matakin matsanancin haɗari tun 2015, ƙwai ɗaya kuma take sakawa a sheƙa, shi ya sa ba ta saurin farfaɗowa. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya shi ne *Psittacus erithacus*, yana matakin haɗari. Ɗan kunya mai farin ciki shi ne *Phataginus tricuspis*, shi ma yana matakin haɗari. Ayu, wanda ake samu a ruwayen Legas, shi ne *Trichechus senegalensis*, yana matakin rauni. Taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan fataucin dabbobi da tsirran daji, na 2016 a Johannesburg ya sa aku da dukkan jinsin ɗan kunya takwas a rukunin farko, wato an hana fataucin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, daga Janairun 2017. Najeriya kuma ta kafa dokarta kan wannan fatauci a 1985, aka yi mata kwaskwarima a 2016.

Darasi na biyu ya buɗe makon lura. Kowa ya tsaga shafin littafinsa gida uku: abin da na gani, abin da aka faɗa mini, abin da nake zato. Kwana bakwai ana cikawa daga gida, hanya, kasuwa da hirar manya, da Hausa ko Turanci, duk wanda ya fi sauƙi. Da aka duba littattafan, gida na uku ya fi cika, ɗalibai da yawa kuma sun sa zato a gidan gani. Aka ɗauki darasi guda ana mayar da kowace jimla gidanta. "Ungulu sun ƙare a Legas" ta koma gidan zato. "Kawu ya ce rabonsa da ungulu tun yana saurayi" ta zauna a gida na biyu.

A ƙarshen makon kowa ya zana taswirar inda ƙafarsa ke kaiwa: wuraren da zai iya zuwa a ƙafa cikin minti 30 ko da mota ɗaya, da mutanen da za su yarda su zanta da shi saboda sun san gidansu. Bisa wannan taswira aka kasa ajin rukuni takwas, shida masu mutum biyar, biyu masu mutum huɗu.

Fabrairu: turaku huɗu da jadawali marar komai

Sai a mako na biyar aka koma rubuta tambaya, da sharaɗi biyu.

Na farko, tambaya kamar akuya ce, in ba a ɗaure ta ba sai ta shiga gonar da ba tata ba, don haka aka ba ta turaku huɗu: wace dabba, a wane wuri, cikin wane lokaci, me za a ƙirga ko a auna. Kowane rukuni ya ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke amsa kowane turke. Inda babu abin ja wa layi, tambayar ta koma.

Na biyu, kafin a karɓi tambaya sai rukunin ya zana jadawalin da amsar za ta shiga, ba tare da an cika shi ba. A saman kowane layin tsaye a rubuta abin da za a rubuta a ciki, a gefen kowane layin kwance a rubuta ko mutum ne, ko rana, ko rahoto. Sannan su cika layi biyu da fensir da amsar ƙage, don a ga ko gidajen suna karɓar amsa, a goge nan take. Malamar takan yi tambayoyi uku a kan kowane jadawali: wa zai ba ku abin da za ku sa a wannan gidan, ranar yaushe za ku same shi, kuma wace amsa ce in ta fito za ta nuna zatonku ba daidai ba ne.

A zagayen farko rukuni biyu ne kawai suka iya zana jadawali. Sauran shida suka gano da kansu cewa tambayarsu ba ta da gidan da za a cika. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, tamu fa babu abin da za a rubuta sai e ko a'a, kuma mun riga mun san e ce." A zagaye na uku rukuni bakwai suka wuce. Daga nan kowane rukuni ya gwada tambayoyinsa a kan mutum uku kafin fita ta gaskiya.

Fabrairu zuwa Maris: rukunin ungulu

Wannan rukuni na maza biyar ne, uku daga cikinsu iyayensu suna sana'a a mayankar Oko-Oba. Tambayarsu ta sauya sau uku. Daga "ina ungulu suka tafi" ta koma "me ya sa babu ungulu a mayanka", wadda ta faɗi a gwajin jadawali, domin abin da zai cika gidajen ra'ayin mutane ne kawai. Ta uku ita ce "a wace shekara mahauta suka ga ungulu na ƙarshe". Ita ce aka gwada a kan mutum uku, gwajin kuma ya tono matsala uku.

Ba wanda ya iya faɗin shekara. Aka gyara ta hanyar jingina tambayar da zamanin da kowa ke tunawa: mulkin Shagari, 1979 zuwa 1983, Babangida, 1985 zuwa 1993, Abacha, 1993 zuwa 1998, kafin ko bayan fashewar bama-bamai a barikin soja na Ikeja a Janairun 2002, wanda duk wanda ke wannan yanki a lokacin bai manta ba. Na biyu, ɗaya daga cikin ukun ya ce ya ga ungulu bara, ashe a garinsu ne da ya je gida sallah. Aka ƙara gida biyu a jadawali: a ina ka gan ta, da shekara nawa kana aiki a wannan mayanka. Na uku, wani matashi ya nuna shirwa tana shawagi ya ce ga ta nan. Aka buga hoton tsuntsaye huɗu a kati ɗaya ba suna, ungulu, shirwa, hankaka da balbela, a fara cewa mutum ya nuna ungulu kafin a ci gaba da shi.

Tambayar da aka amince da ita ta zama mai kashi biyu. A cikin mahauta 20 da suka shekara goma ko fiye suna aiki a mayankar, a wane zamani kowannensu ya ga ungulu na ƙarshe a harabar wurin? Kuma a Asabar shida a jere, daga ƙarfe 7:00 zuwa 7:20 na safe, daga wuri guda da aka tsayar, waɗanne tsuntsaye masu cin mushe da tarkace ake gani, guda nawa?

An nemi izinin shugabannin mahauta ta hannun mahaifin ɗaya daga cikin yaran, wani malami namiji ya riƙa raka su. An koya musu su fara da gaisuwa, su ce, "Baba, aikin makaranta ne, ba za mu rubuta suna ba," su kuma guji lokacin da aiki ya kankama. Zantawa ɗaya minti biyar zuwa bakwai. A wajen ƙirga, biyu suna kallo, ɗaya yana rubutu, ana ɗaukar adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda, ba jimillar duk wucewa ba, domin shirwa ɗaya tana iya zagayowa sau goma. Asabar ta biyu an makara da minti 40, aka rubuta hakan a gefen layin maimakon a ɓoye.

Sauran rukunonin

Rukunin aku na mata biyar ne, kuma su ne suka fi kowa samun shiga, domin suna iya shiga cikin gidaje su zauna da matan aure, abin da samari ba za su iya ba. Sun fara da "shin ajiye aku a keji zalunci ne", suka ƙare da: a gidaje 30 na dangi da maƙwabta, nawa ne suka taɓa ajiye aku cikin shekara goma da suka wuce, saye aka yi ko kyauta, kuma shekara nawa ya yi a gidan? An cire tambayar "a wajen wa aka saya" saboda ƙa'idar kare mai amsa. Su ma sai da suka yi katin hoto, domin wasu gidajen ƙananan korayen tsuntsaye masu doguwar wutsiya suke kira aku.

Rukunin ɗan kunya, wanda ya haɗa da yaran da suka je kasuwa, an mayar da shi binciken takardu. Tambayarsu: a rahotannin jaridun Najeriya uku da ke intanet, daga 2019 zuwa 2023, kamu nawa na ɓawon ɗan kunya aka ruwaito yana da alaƙa da Legas, nauyin kowanne nawa, ina aka nufa da shi? Abin dubawa yana da yawa: a Afrilun 2019 Singafo ta kama kaya sau biyu, kowanne fiye da tan 12, waɗanda suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, a Oktoban 2023 kuma hukumomi suka ƙona kusan tan huɗu na ɓawon a Abuja. Wahalarsu ta kasance a tsabtace jadawali. Kamu ɗaya yakan fito a jarida uku da kanu daban-daban, sai a ƙirga shi sau uku in ba a haɗa rana, wuri da nauyi ba. Ranar kamu daban take da ranar da aka kira 'yan jarida. Wani rahoton da kilo yake, wani da tan, wani da buhu. An kuma hana su mayar da nauyin ɓawo zuwa adadin dabbobi, domin ɓawon babban ɗan kunya na ƙasa ya ninka na mai farin ciki sau da yawa, rahotannin kuma ba sa faɗin jinsi.

Rukunin ayu ne bai wuce gwajin jadawali ba har zagaye na huɗu. Masuntan da suka san dabbar suna wajen Epe da Badagry, nesa da taswirar kowa a rukunin. Suka kawo shawarar bin masu sayar da man ayu a unguwa, makaranta ta ƙi, domin babu hanyar tabbatar da abin da ke cikin kwalbar, harkar kuma ba ta dace da shekarunsu ba. Aka raba su cikin wasu rukunoni a tsakiyar Maris. Sauran rukunoni huɗu sun yi aiki a cikin makaranta da gida, misali ɗalibai nawa cikin 60 na JSS3 ke iya tantance dabbobi shida na Najeriya a hoto.

Mayu zuwa Yuni: abin da aka samu

Cikin rukuni takwas, biyar sun cika jadawalinsu sun gabatar. Biyu sun cika kusan rabi, ɗaya saboda sun sa wa kansu mutum 100 alhali lokacin bai wuce na 30 ba, ɗayan saboda ruwan sama ya katse fitarsu da suka jinkirta zuwa Mayu. Ɗaya ya watse.

Rukunin ungulu ya zanta da mahauta 18 cikin 20. Ba su rubuta ungulu ko ɗaya ba a zaman ƙirga shida. Shirwa, hankaka da balbela ne suka cika takardar. Amsoshin dattawan sun fi karkata ga zamanin da ya gabaci 2002. A gabatarwarsu sun faɗi iyakar abin da suka samu: awa biyu ne jimillar kallonsu, da safe kawai, a wuri ɗaya, a rani kawai, don haka ba su ce babu ungulu a Legas ba. Sun kuma lura cewa yawan shirwa na iya sauka da damina, tunda tsuntsuwa ce mai ƙaura.

A makon ƙarshe aka maimaita aikin Satumba: kowa shi kaɗai, minti 20, dabbar da bai yi aiki a kanta ba, tambaya ɗaya da jadawalinta. Ashirin da shida cikin 38 sun kawo tambaya mai turaku huɗu da jadawalin da za a iya cikawa. Takwas sun rasa turke ɗaya, galibi na lokaci. Huɗu sun koma irin ta Satumba.

Hukunci

Gwaje-gwaje ukun zangon farko sun gaza ne saboda dalili ɗaya: an nemi tambaya kafin ɗalibi ya mallaki abin da zai yi tambaya a kai. Jan biro ya gaya masa tambayarsa ba ta yi ba, bai nuna masa inda ta karye ba. Kalmomin tambaya sun ƙara yawa kawai. Ziyarar Lekki tana da amfani, amma wurinta bayan makon lura ne, da takardar ƙirga a hannun kowa. Abin da ya faru a kasuwa kuwa alhakinsa na wuyan tsarin aikin, domin an zuga yara su yi bincike kan haramtaccen ciniki ba a ba su ƙa'idar fita ba. Takardar da iyaye suka sa wa hannu a Disamba a makon farko na Satumba ya kamata ta fita.

Cikin abubuwan da aka sauya a Janairu, jadawali marar komai ne ya fi yin aiki, domin ya mayar da hukunci hannun ɗalibi: shi da kansa yake ganin gidan da ba shi da mai cika shi. Taswirar inda ƙafa ke kaiwa ta biyo baya. Ɗan mahauci da ke iya zama da dattawan mayanka cikin harshensu, da yarinyar da ke iya shiga gidaje 30, suna da hanyar samun bayanin da baƙon mai bincike zai daɗe bai samu ba, zangon farko kuma ya tafi ba a yi amfani da wannan ba. Gwaji a kan mutum uku bai ci fiye da yini ɗaya ba, amma shi ya hana rukunin ungulu tara amsoshi 18 da ke gauraye da shirwa da tsuntsayen wani gari.

Akwai inda sakamakon bai kai ba. Ƙarin da aka gani daga 3 zuwa 26 na aji ɗaya ne da malama ɗaya, babu wani ajin da aka kwatanta da shi, kuma an sauya abubuwa huɗu a zango guda, don haka fifita jadawali a kan sauran ya dogara ne da abin da aka gani a aji. Tambayoyin da suka yi nasara duk na "nawa" da "yaushe" ne; ba rukunin da ya kai ga gwada dalili. Rukunin ayu kuma an bar shi ya yi mako shida yana fama, alhali taswirarsu ta nuna tun Janairu cewa dabbar ta fi ƙarfin tafiyarsu. Makarantar ta tsayar cewa ajin da ke tafe zai fara da ƙa'idojin fita da makon lura a Satumba, ya kammala fita kafin ƙarshen Maris, sannan a maimaita ƙirgar mayanka daga wuri guda da sa'a guda, sau shida a rani da shida a damina.